Ɗan Aiken da ke Cikin Taya

Da yammacin Juma'a, in rana ta yi sanyi, wanda ya tsaya a bakin titin Bauchi wajen Tumfure, a Gombe, zai gan su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya: Marsandi C300 baƙa wuluk, Honda Accord mai ƙofa biyu, Lexus IS 250, BMW mai faɗin ƙafa, jefi-jefi kuma Mustang ko Camaro da aka taho da ita daga Abuja don bikin aboki. An wanke su fes, an shafe tayoyin da mai har suna ɗaukar ido, salansa sai gurnani. Yawancinsu ƙirar 2007 ne zuwa 2012, sun gama shan wahalarsu a Amurka kafin su hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, wasu ma sun girmi ƙannen masu tuƙa su. Da za a leƙa allon da ke bayan sitiyari kuwa, a da yawa daga cikinsu za a tarar da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, mai siffar tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta, tana nan a kunne dare da rana.

In aka tambayi mai motar, amsar ba ta sauyawa. "Ai sensa ce kawai, Baba. Haka na saye ta." Wani ya riga ya yanko baƙin salatif ya liƙe wurin. Wani ya kai wa mai rewaya an kashe masa ita gaba ɗaya, ya biya kuɗi, har da godiya.

Mai wannan rubutu ya daɗe yana zama a bencin masu faci da inuwar garejin bakanikai, daga Jekadafari zuwa Pantami, kuma abin da ya fi ba shi tausayi shi ne kuskuren guda ne, fuskoki kawai ke sauyawa. Ba ya ganin laifin yaro don ya so mota mai ƙarfi. Iyayensa ma sun yi tasu rawar kan da Fijo 504. Abin da yake so ɗansa ya gane, da 'yarsa da ta fara riƙe sitiyari, shi ne fitilar nan ɗan aike ce, kuma saƙo biyu kacal take kawowa. Ko dai ta ce iskar taya ta yi ƙasa, ko ta ce ita kanta ba ta da lafiya, kada a dogara da ita. Kowanne a ciki yana da abin yi. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai soke saƙon ba, shi ne dai bai ji ba.

Na'urar da ke lura da iskar taya, wadda masu sana'a ke kira TPMS, a motocin gudu ta fara. Porsche 959 ta 1986 ce motar hawa ta farko da ta zo da ita, domin motar da ke haura kilomita 300 a awa ba ta da lokacin jiran direba ya ji a jikinsa cewa taya ta saki. Amma jini ne ya mayar da ita dole. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, bayan jif-jif ƙirar Ford Explorer sun yi ta kifewa saboda fatar taya na ɓarewa ana cikin gudu. Sama da mutum 200 suka rasu. Kamfanonin biyu suka yi ta nuna wa juna yatsa: Ford ya ce a sa iska 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Abin da ya shafi mutumin Gombe a labarin shi ne wuraren da abin ya fi ƙamari, wato jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, sai ƙasashen Saudiyya da Venezuela. Kafin shekarar ta ƙare aka sa hannu kan dokar da ake kira TREAD, kuma daga 1 ga Satumba 2007 duk ƙaramar motar da za a sayar sabuwa a Amurka sai da na'urar. Turai ba ta wajabta ta ga dukkan sababbin motoci ba sai Nuwamba 2014. Shi ya sa 'yar Amurka ƙirar 2008 ke da fitilar, sa'arta 'yar Beljiyam kuwa ba lallai ba.

Iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya ci kuɗin samari. A ta farko, kowace taya na da 'yar na'ura a cikinta, manne da gindin bawul, girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Tana da batirinta, tana auna iska, tana aika wa kwamfutar mota labari kamar yadda gidan rediyo ke aika wa akwati. Yawancin motocin Amurka na waɗancan shekarun haka suke. A ta biyu babu komai cikin taya. Motar na amfani da sensar birkin ABS ta ƙirga juyin kowace ƙafa, tunda tayar da ta saki takan ɗan ƙanƙance ta riƙa juyawa fiye da 'yan'uwanta. Motocin Turai da yawa wannan gare su, haka Honda Accord daga 2013. An taɓa ganin yaro ya yi odar sensa huɗu ya kawo wa motar da ba ta san da zamansu ba.

Binciken farko ba ya cin ko sisi. A tada mota, a zuba wa fitilar ido. In ta kama ta tsaya cak, maganar iska take yi. In kuwa ta yi ta ƙifta ido na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, kuma kullum aka tada mota sai ta maimaita, to da kanta take kuka: wata sensa ta yi shiru, ko motar ta daina jin ta. Minti ɗaya da rabi ne fa, amma saurayi mai ɗokin fita ba ya ba ta; kafin ta gama magana ya sa giya, ya ƙure kiɗa.

Ko wanne ta yi, ɗana, abin da ke biye geji ne, kuma na kanka, wanda ke kwana a aljihun mota. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda manne da ke faɗin iskar gaba da ta baya, galibi 30 da 'yan kai. Ƙa'idar Amurka ta ce fitila ta kama in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Wato in takarda ta ce 32, fitila na iya yin gum har taya ta sauka 24. Shirunta ke nan ba shaidar lafiya ba ce, kamawarta kuwa na nufin an riga an yi nisa.

A nan ake samun saɓani da mai faci. Ya saba da a-kori-kura da motocin haya masu lodi har rufi, hannunsa ya zauna a 45 da 50, in an yi gardama kuma ya nuna lambar da ke jikin taya, 44 ko 51. Waccan lambar iyakar abin da taya za ta ɗauka ce. Abin da motar ke so yana jikin ƙofa. Tayar da aka ɗura wa 50 a kan tsakiyarta take tsayawa kamar mai sanɗa, riƙon kwalta ya ragu, rami ɗaya ya isa ya yi mata illa, kuma na'urar motoci da yawa ba ta ƙorafi don iska ta yi yawa. Ba sai an ɗaga murya ba. "Maigida, 33 za ka sa mini, ga gejina mu gwada tare." Mai facin da ya ga yaro ya san abin da yake so yakan ga girmansa, gobe ma shi zai tuna masa lambar.

Akwai kuma masu auna taya da ƙafa, a ɗan shure ta a ce ta yi. Dabarar ta yi aiki a zamanin 504, mai tayar da in ta saki kowa zai ga ta zauna. Ta motar gudu daban ce. In an rubuta 245/40 R18, tsayin gefenta kashi 40 ne cikin ɗari na faɗinta, bai kai santimita 10 ba, ga tauri. Irin wannan sai ta rasa iska 10 tana tsaye ƙyam kamar ba abin da ya same ta. Daga GRA zuwa Tashar Dukku ba za a ji komai ba. Sai an hau hanyar Bauchi da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke taɓa digiri 40, na kwalta kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba. Tayar da ba ta ƙoshi da iska ba lanƙwashewa take tana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da ake tanƙwarawa gaba da baya. Zafi ya taru a cikinta, saƙar wayoyin da ke ƙarƙashin fatar ta fara rabuwa. In za ta tafi ba ta sallama.

Hunturu na zuwa da nasa ruɗanin. Yaro ya fito bayan sallar asuba fitila ta kama, kafin hantsi ta mutu da kanta, sai ya yanke hukunci cewa sensa ta haukace. Lafiyarta ƙalau. Iska na takurewa da sanyi tana buɗewa da zafi, kusan awo ɗaya a duk digiri 5 zuwa 6. Tsakanin asubar Janairu da azaharta taya kan bambanta da awo 3, in an yi tafiya ma fiye. Wadda ke bakin iyaka sai ta faɗa da dare ta haura da rana, fitilar kuwa cewa take saura ƙiris. Don haka ake awo da safe kafin mota ta taka, ko bayan ta huta awa 3. Wanda kuma ya tsaya a Kumo ko Kaltungo ya ga iska ta haura, kada ya rage; in ta huce za ta koma daidai, in ya rage kuwa zai wayi gari da taya mai yunwa.

In an cika iska, bayan mako fitila ta dawo, ruwa ba ya tsami banza. Lafiyayyar taya ma takan rasa kusan awo ɗaya a wata, amma ba biyar a mako ba. Ruwan omo a roba ya isa: a zuba a fatar, a bakin wili ciki da waje, a gindin bawul, a jira kumfa. Ƙusa aka fi zargi, amma a motocin nan sau da yawa wili ne. Ramin da damina ta haƙa, wanda Hilux za ta taka ta wuce ba ta ma sani ba, yakan lotsa bakin wilin aloy ta ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Sai kuma bawul ɗin sensa kansa. Da yawansu na alminiyom ne, da 'yar roba a gindi wadda tsufa ke busarwa, kuma motar da ta yi rayuwarta a jihohin ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, takan iso gishirin ya riga ya ci shi. In aka ɗaura masa murfin ƙarfe mai ƙyalli irin na ado, ƙarafan biyu sukan cije juna. Ranar da aka kawo filaya, bawul ya karye, iska ta fice fuu. Baƙin murfin roba da ba ya burge kowa, shi ne nasa.

Sai fitila mai ƙifta ido. Galibi batir ne. An rufe shi ruf a cikin sensa, ba a yi shi don a canza ba, kuma rayuwarsa shekara 5 ce zuwa 10. Motar 2008 da har yau ke ɗauke da sensar da aka haife ta da ita ai ta yi abin a yaba mata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi motar da ta haura shekara 15 ya sa kuɗin sensa a lissafi kamar yadda yake sa na shakazoba. Ciwon da wasa yake farawa: yau ta ƙifta, gobe lafiya, a doguwar tafiya ta dawo. Akwai na'urar hannu da ake kangawa kusa da bawul, ta tashi sensa daga barci, ta nuna lambarta da iskar da take gani da halin batirinta. Cikin 'yan mintoci an san ƙafar. Bakaniken da ya ce a canza bai gwada ba, duba yake yi ba gyara ba. In ɗaya ta mutu, sauran ukun sa'o'inta ne, don haka mai hali ya canza su gaba ɗaya ranar da zai sa sababbin tayoyi, ya huta da biyan kuɗin kwancewa sau huɗu.

Nan araha ke kama mutane. Ana samun ta hannu a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, a Ladipo a Legas, an ciro daga motocin da aka yanka. Jikinta sumul, batirinta kuwa tsaran wanda ya mutu ne. Ga kuma maganar yare: motocin Amurka na wancan zamani galibi a mita 315 suke magana, na Turai a 433. Sai a ga sensa biyu kamar an tsaga kara, ɗaya na Fulatanci, motar kuwa Tangale take ji. A ba mai kaya lambar da ke jikin tsohuwar, ko lambar shasi, a bar dogaro da ido.

Ko an dace da sabuwa, sai an gabatar da ita ga motar, don waɗanda ta sani kawai take saurara. Toyota da Lexus da Honda da Nissan na waɗancan shekarun sai an sa kwamfuta an rubuta musu lambobin. Wasu sukan koya da kansu bayan tafiyar minti 10 zuwa 20. Tsohuwar Corvette ta 1997 da maganaɗisu ake yi mata, a kanga a bawul har ta yi hon. Mustang ta 2007 zuwa 2009 kuma tata sensar ba ta jikin bawul, an ɗaure ta da ɗamarar ƙarfe a cikin wili. Mai facin da bai sani ba zai rantse babu. In kuma an juya tayoyi ba a sanar da motar ba, allo zai iya cewa hagun gaba alhali damar baya ce ke mutuwa, a ƙara wa mai lafiya a bar majinyaciya.

Ba duk sensa tsufa ke kashewa ba, wasu hannu ne. Abin da saurayi ke fara yi in ya sayi mota shi ne canza wili, daga 17 zuwa 19, a bar wa mai kaya tsofaffin a rage kuɗi. Da sensa a ciki suka tafi. Wani taya ta ƙi riƙe iska, aka ce a sa mata tib, aka cire sensa aka jefa cikin tarkacen gindin bishiya. Wani ya ɗura ruwan faci na gwangwani ya toshe 'yar kafar da take shaƙar iska. Sai wajen ɓanɓare taya daga wili, ƙarfe ya sauka daidai bawul, ƙas, shi ke nan. Mai faci ba mugunta ya yi ba. A kan babur da Keke NAPEP da tsofaffin motoci ya koyi sana'a, ba wanda ya taɓa nuna masa. Magana ɗaya kafin ya fara ta wadatar: "Malam, akwai na'ura a gindin bawul, a fara ta ɗaya gefen." Sannan a tsaya a wurin, shayin mai shayi ba zai ƙare ba.

In gwaji ya nuna duk huɗun na magana amma motar ta ce ba ta ji, a bar tayoyi a koma ciki: fis, wayar da ɓera ya ci, ko akwatin da ke karɓar saƙon, wanda a motocin GM da yawa shi ne dai ke karɓar na rimot ɗin ƙofa. Kafin a kashe kuɗi ma a zare cajar waya mai araha a zagaya a gani, don wasunsu na fitar da hayaniyar da ke danne muryar sensa.

Maɓallin saiti ya cancanci a tsaya a kansa, don ya fi komai kama da magani. A Toyota da Lexus da yawa yana ƙarƙashin sitiyari, a BMW da Marsandi cikin allo ake nemo shi. Aikinsa ya gaya wa mota cewa iskar da ke ciki yanzu ita ce daidai, daga nan za ta fara lissafi. Yaro ya ga fitila, abokinsa ya nuna masa maɓalli, ya danna, ta mutu, suka tafa. Bai san ya koya wa motar cewa 24 lafiya ce ba, kuma tana iya yin shiru har taya ta kusa zama. A auna da safe, a cika daidai da takarda, sannan a danna. Masu irin ta ABS kuwa haka za su yi duk sanda aka taɓa iska ko aka canza taya, su kuma sani taya huɗu daga gida huɗu, wannan sabuwa waccan ta sha kwalta, ruɗa mata lissafi suke. Tsofaffin irin nan ma in huɗun suka ragu tare a hankali ba lallai su lura ba.

Masu BMW su ƙara kula. Da yawansu sun zo da tayar da ke iya tafiya ba iska, shi ya sa babu safaya a but. Iyakarta kusan kilomita 80 ce, a gudun da bai wuce 80 ba. Gombe zuwa Bauchi kuwa kusan ninki biyu ne. Irin wannan taya ko babu iska ba ta nunawa a ido, fitilar ce kaɗai idon direba. In kuma an sauya ta da taya ta gama-gari, a nemi safaya da jak kafin a bar gari.

Akwai abin da na'urar ba ta gani ko tana da cikakkiyar lafiya: shekarun taya, da kumburin da ke gefenta, da tsagewar da rana ta yi mata. A jikin kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekarar da aka yi ta. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 take ba taya, kuma tayar gwanjo na cikin kayan da aka hana shigowa da su ƙasar nan, ko da yake duk wanda ya zaga kasuwa ya san labarin. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar bayan jif ɗinsu ta fashe. Binciken FRSC ya ambaci gudu, da taka birki da ƙarfi bayan fashewar, da rashin ɗaura bel. Babbar mota ce ta minista, ba ta saurayi mai lallaɓa aljihu ba. Wanda Allah ya jarraba da fashewar taya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya saki totur a hankali, ya bar birki sai mota ta lafa.

Mai wannan rubutu ya san ba kowa ke da kuɗin sensa huɗu a watan da ake ciki ba. Akwai mai, akwai haya, akwai kayan lefe da ake tarawa. Ba abin kunya ba ne a jinkirta. Amma wanda ya jinkirta ya san aikin ɗan aiken ya dawo wuyansa: geji duk mako, da safiyar kowace tafiya. Akwai kuma 'yan na'urorin da ake ɗaurawa a bakin bawul, da ƙaramin allo mai caji da rana da ake ajewa gaban gilashi. Sun fi babu, in dai yaran unguwa ba su kwance su ba. Abin da ba ya so ya ji ɗansa ya yi shi ne dabarar nan ta zuba sensa huɗu cikin bututun roba, a ɗura masa iska, a rufe, a jefa a but, motar ta yi ta zaton tayoyinta lafiya. Wahalar da aka sha wajen haɗa bututun ta isa a gyara abin. Kuma ranar da za a sayar da motar, a faɗa wa mai saye gaskiya. Shi ma ɗan wani ne, kuma hanyar Yola ɗin nan zai hau da ita.

A hunturun da ya wuce, da sassafe, wata matashiya ta tsayar da Lexus gaban wani mai faci a hanyar fita gari, Kashere za ta. Fitilarta ta kama tun a ƙofar gida, ba ta ƙifta ba. Ta fito da gejinta daga jaka ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya: uku 33, hagun baya 24. Mai facin ya shuri tayar ya ce, "Hajiya, ai wannan lafiya lau, sanyi ne." Ta ce, "Baba, a dai zuba mata ruwan omo." Aka ɗaga motar, aka juya ƙafar a hankali, sai ga kumfa na tasowa daga cikin wani zane. Dattijon ya sa filaya ya zaro ƙusar kwano, doguwa, kanta ya cinye har ya saje da roba, ya ɗora mata a tafin hannu yana salati. Ta juya ta sau biyu, ta jefa a aljihun ƙofa, ta tambaye shi ko zai iya yin facin ta ciki, ya kuma yi hankali da gindin bawul.